Ƙoren da Yaya Sale Ya Zana

Aikin nan ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Yau shekara tara da rasuwar Yaya Sale, amma ƙuguna bai manta hanyar Gagarawa ba. Shi malamin firamare ne a Gumel, ni ɗan acaɓa. Duk Asabar sai ya hau bayana da fentin ruwa da burushi, mu shiga ƙauyuka yana zana tsofaffin kayan ɗaki: ƙwarya mai zane, faifai, akushi, tulu.

Ba ma shiga cikin gida. A zaure muke zama, maigida ya fito da kaya. Sababbin kwanuka ake fara kawowa don a fita kunya. Sai Yaya ya ce, "Baba, wadda ta fashe aka ɗinke nake so. Da tsohuwar zuma ake magani." Yakan yi rabin yini a kan ɗinki ɗaya, ni ina hamma. Na taɓa ce masa hoto fa minti ɗaya ne. Ya ce, "Mai hoto ba ya kallo, Audu."

Sharaɗin magidanta ɗaya ne: kada a rubuta sunan matansu a takarda. Yaya ya amince. Ya ce ni in riƙe sunayen a ka, tunda zaman banza nake.

Yanzu roba ta cinye ɗakuna. Nakan tambayi kaina, da yana raye, zai zana bokitin roba? Ina jin zai zana, in ya tsage an liƙe da wuta.

Makon jiya wata mata ta zo daga Sule Tankarkar. Ƙwaryar auren kakarta ta ƙone a gobara, tana son ganin zanen. Na buɗe akwatin da Yaya ya bar zane-zanensa a ciki, na baza takardu a tabarma. Na tuna gidan, har furar da aka dama mana, amma na kasa cewa ga ƙwaryar. Ta ce, "Ba komai, Baba," ta tafi.

Ashe fentin bai koɗe ba, ni ne na koɗe. Rabon Yaya yana nan daram a takarda, nawa na riƙe sunaye ne ke zubewa, alkawari kuwa kaya ne.

Washegari na ɗaure akwatin a bayan babur, inda Yaya ke zama, na sa fensir a aljihu, na nufi Sule Tankarkar. Duk zauren da maigida ya gane ƙwaryar gidansa kuma ya yarda, na rubuta sunan mai ƙwaryar da ajami a bayan takardar.