Gwangwanin Inna Ba-Suga

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, ita ta riga ta naɗe hannun riga ta jiƙa tsumma. Ajujuwa goma sha biyu, ɗakin malamai, da banɗaki huɗu waɗanda ba zan siffanta muku ba. Ƙarfe goma sai ta kife bokitinta a bayan ƙofar ɗakin malamai, ta zauna a kai ta sha shayi. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Makon jiya ta ajiye tsintsiya.

Mu muka sa mata Inna Ba-Suga, kuma da tsiya muka sa. Shekara goma sha tara da suka wuce, wata baƙuwa daga wata ƙungiyar agaji ta zo mana da hotunan yara a wata ƙasa mai nisa, yunwa ta bar su daga ido sai haƙarƙari. Ta ce kowa ya bar ɗan abin kwaɗayi guda, ya jefa kuɗinsa a gwangwani. Ta manna wa gwangwanin takarda, ta ɗora a kan kabad kusa da butar shayi, ta ce za a riƙa zuwa karɓa.

Ni tarihi na koyar, na san ba sukarin mai shara ke hana yaran duniya abinci ba. Masu hana su ba a kan bokiti suke shan shayi ba. Na faɗi haka a ranar, har yau ban janye ba. Malamin lissafi ya bar taba kwana tara. Shugaba ta bar lemo har aka gama ɗaukar hoto. Inna kuwa ta bar sukari da madara, ba ta koma ba.

"Inna, wannan ruwan ɗacin ba ya damun ki?" in ji malamin lissafi.

"Malam, ɗacinsa iyakarsa maƙogwaro. Kai dai ba ka taɓa kwana da ruwa kaɗai a ciki ba, ga shaida nan a gaban rigarka."

Mai buga takardu ta ce ko a watan da mijin Inna ke kwance a asibiti, ta ji ƙarar sulallanta a gwangwanin.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya faɗi haka bai zauna a ɗakin malamai ba. Baƙuwar sau biyu ta dawo, shi ke nan. Inna ba ta iya ganin ƙura ta bar ta, kullum sai ta goge gwangwanin da jiƙaƙƙen tsumma, har rubutun ya koɗe, takardar ta ɓare. Tsofaffin malamai suka watse, sababbi suka zo suka ga gwangwani babu rubutu kusa da butar shayi. Me za su ɗauka? Duk ƙarshen wata mai kula da shayi ya zazzage, ya sayo sukari da biskit. Ita kuma in ta ɗaga ta ji shi wayam, sai ta ce alhamdu lillahi, an zo an karɓa.

Na sha wannan sukarin shekara takwas kafin in yi ritaya. Cokali biyu nake sawa. Ban taɓa tambayar daga ina yake ba.

Ranar da aka gayyace ni shirin walimar sallamarta na gano, da mai kula da shayi ya ce biskit ɗin walima daga gwangwani zai fito. Da na faɗi asalin gwangwanin, sabon shugaba ya ce, "Hajiya, don Allah a rufe, kada a ɓata wa baiwar Allah rana." Na ce an ɓata mata shekara goma sha tara, rana ɗaya ce ta tsone masa ido? Na same ta a bayan ƙofa na faɗa mata, ban rage komai ba.

Ta ajiye kofin shayinta a ƙasa.

"Malama, to yaran nan na hoto fa?"

Ta dubi gwangwanin a kan kabad, ta ci gaba.

"Ashe ku nake ta ciyarwa. Shi ya sa na ga kuna ta kumatu." Ba ta yi dariya ba. Can ta ce, "Ke da kika yi karatu, ki nemo mini inda ake kaiwa da gaske. Amma tare za mu je. Na daina aike."

Inna, ke ce kika ɗauki maganar da mu masu takardun shaida muka yi wa tafi muka manta. Ke ce kika san yunwa da cikinki, ba da hoto ba. Ban ce sulallanki za su ƙosar da duniya ba, ba na yi miki ƙarya yanzu da tsufana. Amma haƙƙin waɗansu ne kika ware, mu muka sha, kuma wannan nauyin a wuyanmu yake, ba naki ba. Mun gode, ki yafe mana in kin ga dama. Allah Ya karɓa daga gare ki yadda kika yi niyya.

Ku masu karatu, ku yi koyi da ita, ku bar wani abu da bakinku ke so. Sai dai kada ku tsaya a bakin gwangwani, ku bi kuɗin da ƙafarku ku ga hannun da ya karɓa. Ranar Litinin za mu je, ni da ita, wani wurin da ake dafa wa mabuƙata abinci. Ta ce sai ta ga tukunyar da idonta.