Injin Taliyar Surukata

Jiya ruwan lemun tsami ya shiga wani ɗan ciwo a yatsana, sai na tuna surukata. Duk ƙarshen damina takan fito da injin taliyarta tsakar gidanmu na Kagarawal, ta sa ni goge tsatsarsa da toka da lemun tsami. Ranar da ƙarfen ya yanke ni, ta kama hannuna ta matse lemun a kan yankan, ta ce, "Ƙarfe ma yana gyaruwa, ke ce dai har yau shiru." Haihuwa take nufi.

Da ta rasu, ni aka bar wa injin. Damina uku ke nan yana ƙarƙashin indararo, ya yi jawur.

Allah Ya ji ƙanta kamar yadda ta ji ƙaina.