Faifan Ƙarfen da Kakana Ya Ƙera wa Motar Baba

Har yau in na ji warin baƙin mai ya haɗu da hayaƙin gawayi, sai in ganni a ƙofar gidanmu na Jibiya, ina 'yar firamare, ina kallon a-kori-kurar babanmu an ɗage mata baki, cikinta wayam.

Gidanmu gidan maƙera ne. Kakana ke ƙera wa manoman Daddara da Riko fartanya da garma, kuma babanmu ne kaɗai ɗansa namiji. Sai baba ya ajiye masaba ya kama tuƙi, yana jigilar 'yan kasuwa da buhunansu tsakanin Jibiya da Maraɗi. Abin ya tsaya wa tsohon a rai. Bai taɓa kiranta mota ba, "gwangwanin can" yake ce mata, ko a inuwarta ba ya zama.

Wata bazara injin ya buga. Baba ya sayar da shanun huɗarsa, ya shirya tsallakawa Maraɗi neman na hannu, irin wanda ake kawowa daga Kwatano. Kaka ya faɗa a gaban kowa cewa in wannan bai tashi ba, to zuga-zugi na nan yana jiran mai shi. Baba ya ce to, don ba shi da sauran abin sayarwa.

Ka san abin da ya tafi da shi? Karan dawa! Haka ake awo a gidanmu: in za a ƙera ƙyaure, kara ake karyawa daidai tsawo da faɗi. Baba ya auna mazaunin injin da kara, ya je ya sami inji lafiyayye, ya gwada, ya yi cif. Aka turo shi a amalanke daga tasha, mu yara muna binsa da ihu kamar an kawo amarya.

Injin ya zauna daram. Amma da bakanike ya zo haɗa shi da giyabos, sai ramukan noti suka ƙi haɗuwa. A daidaita na sama, na ƙasa ya kauce. Ashe injin na wata ƙirar mota ce daban, shi kuwa kara tsawo da faɗi ya sani, bai san rami ba. Bakaniken ya goge hannu ya ce, "Ko dai a sawo giyar da ta zo da shi, ko a maishe shi Maraɗi. Su ko mutanen can, abin da ya hita ya hita."

Ban taɓa ganin baba ya ƙi cin tuwo ba sai ran nan. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaka, don na ɗauka murna yake yi. Ni ke kai masa fura maƙera, da ma akwai wasan jika da kaka tsakaninmu, sai na dangwarar da ƙwaryar na ce, "Na hwasa auren, ba ni zama da mugun miji." Ya dube ni, bai yi dariya ba.

Washegari da hantsi ya fito da sandarsa, ya zagaya motar da bai taɓa ɗora wa hannu ba. Ya sa aka shafa baƙin mai a bakin injin, ya manna takardar buhun siminti, ramukan suka fito raɗau. Ya yi wa giyar haka. Ya tambayi bakanike kaurin da ƙarfe zai yi don kada sandar giya ta kasa kaiwa cikin inji, bakanike ya nuna masa da yatsa. Sannan ya juya wajen baba.

"Kai, taho ka yi mani zuga. Ai hannunka bai mance ba."

Kwana da kwanaki suna abu ɗaya. Tsoho yana saran faffaɗan ƙarfe da kurfi, ya huda, ya goge da magagari, a kai a gwada, a dawo. Baba yana zuga, gumi na ɗiga. Abin da suka fitar wani faifan ƙarfe ne mai ramuka jeri biyu, ɗaya na inji, ɗaya na giya. Ranar da aka ɗaure shi aka tura motar, ta yi tari, ta kama, matan gida suka ɗauki guɗa. Ni kam kaina ya kumbura, duk wanda na gani sai na gaya masa kakana ne ya tashe ta.

Baba ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Ka san hwa tunda ta tashi, ba ni dawowa maƙera."

"Na sani tun kahin in hura wuta," in ji kaka. "So nike ka dawo, amma ba da kunya ba. Tashi, mutane na jiranka tasha."

Yanzu gari ya cika da masu walda da injin huda ƙarfe, irin wannan aikin kafin azahar sun gama. Maƙerarmu ta mutu tare da kaka, shagon cajin waya ne a wurin. Motar ma ta ci zamaninta har ta ƙare a hannun 'yan gwangwan. Amma ranar da suka zo ɗaukarta, baba ya shiga ƙarƙashinta da sifana ya kwance faifan nan. Yana nan rataye a ɗakinsa kusa da masabar kaka. In jikokinsa suka tambaye shi sana'arsa, mutumin da ya tsufa a kan sitiyari sai ya ce musu shi maƙeri ne.