Abin da Yaya Rifkatu Ta Bari a Firiza

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Rifkatu a wata maƙabarta ta kudancin London, cikin yayyafin nan nasu mai jiƙa mutum a hankali ba tare da ya sani ba. Ni ce ƙanwarta, Saratu. Ita ta kawo ni ƙasar nan, ita ta nuna mini yadda ake hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ba tare da an kalli idon kowa ba. Duk shekara in ranar ta zagayo, nakan je coci, in dawo in yi shiru. Bana na kasa shirun, domin saura ƙiris na rasa abu na ƙarshe mai rai da ta bari a duniya.

A da in an tambaye ni aikin yayata, sai in ce malamar kimiyya ce a jami'a, in yi maza in sauya zance. Gaskiyar magana, giyar inabi take bincike a kai. Ba shanta take yi ba. Yis take nazari, ƙwayar nan da ido ba ya gani wadda ke kumbura burodi. Shi ke cinye zaƙin ruwan inabi ya mayar da shi giya, kuma giyar da ya yi da kansa ita ke kashe shi. In ɗakin ya yi zafi, ko zaƙin ya yi yawa, wani yis ɗin sai ya mutu a rabin hanya, ganga ta tsaya cak, noman shekara ya tashi a banza. Wani kuwa sai ya jure har ƙarshe. Me ya bambanta su? Tambayar da ta cinye kuruciyar Yaya ke nan, har ta ƙi aure, dangi suka yi surutu suka gaji.

Ina tuna wata yamma a hawan sama na bus mai bene, mun taso daga Aldwych za mu Peckham, kogi yana sheƙi a ƙarƙashin gada. Ta ce, "Saratu, kin san abin mamaki? In kika ɗan wahalar da shi tun da wuri, sai ya tara wani irin sukari a jikinsa ya lulluɓe kansa. Ranar da babbar wuyar ta zo, ba za ta same shi tsirara ba." Na ce, "Yaya, ashe ɗan gidanmu ne." Ta yi dariya har wata Baturiya ta juyo.

To, ɗan gidanmu ne kuwa. Mamarmu mai burkutu ce a ƙauyenmu can kudancin Kaduna, kuma da tukwanenta aka yi mana makaranta, ko da yake ranar Lahadi a bencin baya take zama a coci. Masu wannan sana'a ba sa kwashe tukunya ƙarƙaf. Dole a bar ɗan guntu a gindi, shi ne zai tayar da dahuwar gaba. Na Mama daga kakarmu ta gada, ita ma daga tata uwar, ba wanda ya san mafarinsa. A zuwanta gida na ƙarshe, Yaya ta ɗebo kaɗan, ta tace yis ɗin a ɗakin gwaji, ta daskarar da shi a wata firiza mai sanyin da ya fi na duk hunturun Ingila. Bayan nan Mama ta rasu, rikici ya watsa ƙauyen, matan da ke dahuwa kowace ta kama gabanta. Da na leƙa gida daga baya, fasassun tukwane na tarar da ciyawa a cikinsu.

Wani lokaci nakan zauna in yi ta tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga London ta yanzu. Bazara takan yi zafin da mutane ke kwanciya a ciyawa tsirara-tsirara, gonakin inabi sun bazu a Kent sai ka ce ba ƙasar hazo ba. Ina ganinta a raina tana share gumi da bakin gyale a cikin tube, idonta yana walƙiya, tana cewa lokacin yis ɗin Mama ya zo. Domin burinta ke nan: abin da ya saba da rana da gefen murhu, ai zafin ɗakin ganguna ba zai ba shi tsoro ba.

Sai dai ba haka ta kasance ba. Farkon bana wata tsohuwar ɗalibarta ta neme ni, Baturiya mai kirki wadda ta yi kuka a jana'iza fiye da wasu 'yan uwa. Muka haɗu a wani shagon shayi. Ta ce sun gwada yis ɗin Mama a inabi. Zafi kam ya jure, ya kunyata na kanti, amma giyar ta fito da wani tsami-tsami irin na kunu wanda masu ɗanɗano suka yamutsa wa fuska. Ba mai so. Ga shi za a kwashe firizar a ba wasu wurin, kuma ta taɓa lalacewa ta narke, don haka ba ta da tabbacin yana da rai. Ta miƙo mini 'yar kwalba kamar ta turare, da ruwa gurɓatacce a ciki. Ta ce in ba a ba shi abinci da wuri ba, shi ke nan.

Na hau bus na nufi gida. Kakannina mata kaf suna cikin jakata kusa da makulli, ni kuwa ban san yadda zan yi da su ba. In dafa burkutu a gidan hayar ƙaramar hukuma, hawa na shida? Ni da ke ba da waƙa a zumuntar mata? Ko dawar ma a ina zan tsirar da ita, a bahon wanka?

Maƙwabciyata Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi, ita ke soya masa ranar Asabar a wani lungu na Rye Lane. Na daɗe a bakin ƙofarta ina jin nauyin kai wa Hajiya guda zancen giya. Da na gama kame-kamena, sai ta dube ni, ta yi magana da Hausarsu ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Kai Saratu, abin yana cin sukari? Yana kumbura? To kawo shi. Yayanka bai ce dole giya ba. Mu sa shi a ƙullun masa, mu soya shi kafin ya yi tunanin banza."

Muka jiƙa shinkafa, muka niƙa, muka juye kwalbar duka, don ba ta isa a raba ba. Hajiya ta ajiye kwanon a bakin taga inda ta saba ajiye nata, saboda na kanti in ya ji ɗumi da yawa yakan yi gaggawa ya zube. Wuni ya wuce, aka kwana, ƙullu yana kwance fari fat, ko ƙyaftawa bai yi ba. Na je aiki gidan tsofaffi ina wanke wata tsohuwa ina hawaye, tana ba ni haƙuri ba ta san dalili ba. Da na dawo, Hajiya ta ce a hankali, "Mu yi haƙuri, mai rai mamaci ne."

Na tsaya ina kallon kwanon, na taɓa gefensa na ji sanyi ƙalau. A nan abin ya faɗo mini. Mun ɗauke shi ɗan London, alhali baƙo ne daga inda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Tukwanen Mama ba su taɓa zama a inuwa ba. Na rufe kwanon da faifai, na kwance zanena na naɗe shi, na buɗe ɗan ɗakin boiler, tukunyar ruwan zafin gida, inda muke shanya tawul, na cusa shi jikin bututu mai zafi. Hajiya ta ce zai lalace. Na ce ai ba abin da ya rage ya lalace.

Washegari da hantsi na buɗe ƙofar. Faifan da na rufe kwanon da shi ya karkace, ƙullu ya taso ya leƙo waje, fuskarsa duk ƙananan idanu suna buɗewa suna rufewa. Sai ƙamshin ya doke ni. Jama'a, tsakar gidanmu ce sak: tsamin nan mai ɗumi da ke manne a zanen Mama in ta goya ni, wanda na shekara talatin ban shaƙa ba, na ma manta na taɓa saninsa. Na durƙushe a wurin tsakanin tawul da tsintsiya, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Hajiya ta bar ni na ƙoshi, sannan ta ce, "Tashi ka kawo tanda, abin nan ya fara tunanin da na ce."

Yaya ta bar rubuce-rubuce da ɗalibai ke karantawa, ni ko layi ɗaya ba na ganewa. Ta bar dutse mai sunanta, nakan je in cire masa ganye, ba ya ce mini komai. Giyar da ta yi mafarki ba a yi ta ba, wataƙila ba za a taɓa yi ba, kuma wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen Peckham suna layi a gaban tandar Hajiya suna tambayar me ta ƙara wa masarta, ita kuwa sai ta ce sirrin maƙwabta ne.

Bana na haura shekarun da Yaya ta rasu a kansu, ƙanwa ta girmi yayarta. Tun ina rarrafe ita ke ba ni abinci a baki, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa bari na ciyar da ita ba, ko a gadon asibiti sai ta karɓe cokalin. Yanzu kowace Juma'a nakan buɗe ɗan kwanon da nake rage guntun ƙullu a ciki, in auna gari da sukari in zuba, in tsaya har in ga ya ci.