Ƙwaryar Madara a Kujerar Baya

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar aminina Buba Makanike, Allah ya jiƙansa. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don labarin nan ya taɓa ni, kuma ba ta wajen yabo ba. To amma wanda nake jin kunyarsa ya riga ya tafi, ni ma gemu ya fara fari. Bari dai in faɗa.

Buba Bafulatani ne. A wata ruga wajen Gubi aka haife shi, amma ya ajiye sanda ya ɗauki guduma. Ya fara da zama wurin maƙeran cikin gari, daga nan ya koma gyaran mota a Ɗan Iya. Mahaifiyarsa, da muke ce wa Dada, ba ta taɓa yafe masa ba. In ya je gaisuwa sai ta toshe hanci, ta ce warin baƙin mai zai ɓata mata nono. Ni kuwa lokacin direban lori ne, yau Kano, gobe Ikko, wata rana Kumasi.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, ƙafafun Dada suka ƙi. Ko bakin garke ba ta iya kaiwa. Ga kaka ta zo, nan da 'yan makonni ruga za ta tashi kudu neman ciyawa, kuma kowa ya san in aka ɗora tsohuwar nan kan takarkari, ba za ta kai ba. Buba ya roƙe ta ta dawo gari wurinsa. Ta ce ita ba ta shiga ƙarfen Nasara. Da ya matsa, sai ta ce, "To, a ɗora ƙwaryata cike da madara, a je tsamiyar ƙetaren rafi a dawo. In ɗigo ɗaya ya zuba, ka rabu da ni. Abin da ya kasa riƙe madara, ni zai riƙe?"

Akwai wata tsohuwar mota da wani Baturen kuza ya yasar a garejinsa, baƙa, doguwa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ita Buba ya tasa gaba. Ya sauke gangar jikin, ya bar shasi, wato ƙashin motar, tsirara, ya ƙara masa ƙarfen wata matacciyar lori ta ciki, ya ɗaure da ƙusoshi masu zafi irin na maƙera. Ya ɗaga ta taƙi guda don duwatsun hanya. Ya ciro ƙafafun bayan wata kitika, ƙaramar motar kaya, ya sa mata, sai farfela, ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, ta gaza tsawo, ya yanka biyu ya haɗa su ɗaya. Ranar farko da na tuƙa ta, rawa take kamar mai zazzaɓi, sai da ya yi kwana uku yana manna ƙananan ƙarafa a jikin farfelar kafin ta natsu.

Sufurin, wato ganyayyakin ƙarfen da ke rage wa mota jijjiga a rami, shi ne ya ba mu wuya. Na lori ya fara sawa, muka gwada da ƙwaryar ruwa a kujerar baya, ramin farko ruwan ya wanke mini ƙeya. Sai ya shiga zare ganyen sufurin ɗaya bayan ɗaya. Ya sa a wuta, ya zuba ido har ƙarfen ya yi launin da shi kaɗai ya sani, ya lanƙwasa, ya tsoma a mai, ya shimfiɗa kirin fatar shanu tsakanin ganye da ganye. Duk gari ana ta hirar tuta da sabuwar gwamnati, mu muna hanyar Inkil da ƙwarya. Da ƙyar muka kai inda ba ta zuba a hanya. Gangaren rafi ne kawai kullum sai ta fantsala.

Ranar gwaji, ana jibi ruga za ta tashi, na miƙa hannu zan sha koko sai ya janye kwanon. Ya ce, "Direba, nauyinka ma yana cikin awo. Cikin nan naka ya isa haka." Na ce, "Bafillace, kai da ba ka da nama ko na miya, ina ka san yunwa?" Haka muka tafi ciki fayau.

Dada ta shimfiɗa baƙin zanenta a kujera don ko ɗigo ya nuna, ta aza gammo, ta cika ƙwarya har baki. Buba ya ce shi zai zauna wurinta, kada ta ce ya riƙe ƙwaryar. Na tafi ni kaɗai.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Da na kai bakin gangare, inda duhuwa ta kare ni, na tsaya. Na dubi rafin, na dubi madarar, na tuna tsohuwar nan a kan takarkari. Na yi bisimilla na kurɓa uku, manya. Na ƙetare na dawo, zane ƙaf a bushe.

Dada ta shafa zanen. Ta leƙa ƙwaryar, ta daɗe. Sannan ta ɗaga ido ta kalli gashin bakina, ta ce, "Yau rana da ƙishi take." Ta miƙa wa ɗanta hannu ya ɗauke ta. Shekara shida ta yi a gidansa, tana ƙorafin warin mai har ranar da ta cika.

Yanzu ruwan dam ya shanye gangaren da tsamiyar. Nakan tsaya garejin yaran yau in ga ana kwance abu a jefar a ɗaura sabo, ba mai tambayar me ya same shi. Da Buba na nan, na san ba faɗa zai yi ba, tsugunnawa zai yi ya tsince abin da aka jefar. Na yi yawo har Agadas, na hau motoci masu laushi, amma ban sake ganin wanda ya lanƙwasa ƙarfe don jin daɗin bayan mutum ɗaya ba. Motar kam an yanka ta tuni, an ce sufurin ya koma fartanya. Abin da ya rage shi ne yadda yakan buga ƙirji a majalisa ya ce, "Ko ɗigo!" ni kuwa in sunkuyar da kai, in ce kar in ɓata masa.

Kafin in aiko da rubutun nan na kai wa babbar 'yarsa Adama, na karanta mata, na ce ta yafe mini a madadinsa. Ta yi dariya har da share hawaye. Da ta natsu ta ce, "Bappa, duk shekarun nan, ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa Baba ya hana ka koko ran nan ba?"