Agogon Baƙin Mai na Injin Surukina

Shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, ni nake kula da injin niƙan surukina a Talata Mafara. Gari ya cika da leburori da direbobi, mata masu tuwon sayarwa kuwa tun da hantsi suke jera kwanonin dawa a ƙofar rumfarmu. Inji ba ya hutawa sai an kira azahar. Abin da ke damuna shi ne ba ni da hanyar sanin ko baƙin mai yana zagawa a cikinsa yadda ya kamata, sai dai in kasa kunne in yi fata.

Wani direban tifa da ke kawo niƙan gidansu ya ba ni tsohon agogon mai, har da tiyonsa, daga wata mota da ta mutu a wurin aiki. Na kwance toshiyar da ke gefen injin, na kawo notin tiyon zan ɗaura. Ya ɗan shiga, sai ya cije. Na ɗauko sifana zan matsa masa, Baba, wato surukin nawa, ya ɗaga hannu daga inda yake zaune.

"Bari dai. In ka ɓata ramin ga, mun shiga uku."

Ranar kasuwa na bi masu tsofaffin ƙarafa, ban dace ba. A Bakura wani makanikin injin ban-ruwa ya jera toshiyar da notin a tafin hannunsa, ya nuna mini haƙoransu. Injinmu na Ingila ne, agogon na Italiya, saƙar haƙoran ba ɗaya ba ce. Ya ce sai na samo wata 'yar mahaɗa ta tagulla mai baki biyu, kowane baki da irin nasa haƙoran, in gwada wani mai gyaran tarakta a Maradun.

Da na faɗa wa Baba, ya ce, "Tare za mu tahi."

Tun da na auri 'yarsa, gaisuwa da maganar inji ne kawai ke haɗa mu, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ga shi yau zai hau bayan babur ɗina. Da farko ya riƙe ƙarfen baya, amma da muka faɗa wani rami sai na ji hannunsa a kafaɗata, bai kuma ɗauke ba. Muna bin gefen sabon magudanar ruwa ya nuna mini inda gonar kawunnansa take kafin a baje wurin. Daga nan ya shiga ba ni labarin fataucin albasa da ya yi da jakuna yana saurayi. Ashe mutum ne mai ban dariya.

A Maradun mai gyaran taraktan ya tarbe mu da doguwar gaisuwa, ya shimfiɗa tabarma, ya juye wani gwangwani cike da notuna. Muka durƙusa mu uku muna tonawa, hannuwanmu duk maiƙo. Idon Baba ya yi rauni, da yatsu yake laluben haƙora. Can na ciro wata 'yar tagulla da ta yi kore, na miƙa masa. Ya murza ta a notin tiyon, ta shige sumul. Muka gwada ɗaya bakin da toshiyar, haƙori ya hau haƙori.

"Ita ta!" in ji mai gida, ya ƙara mana da zoben jan ƙarfe don kada mai ya yi yoyo. Aka kawo fura a ƙwarya ɗaya. Na noƙe, Baba ya tura mini ludayi ya ce, "Sha, nan ba gida ba ne."

Washegari na ɗaura komai, na murza hannun injin. Ya yi tari ya kama, allurar agogon ta ɗan yi rawa, ta hau ta tsaya cak a tsakiya. Matan da ke jiran niƙa suka matso suna leƙe, wata tsohuwa ta tambaya ko ƙarfe nawa ya nuna. Muka yi ta dariya, na karɓi kwanonta na zuba a bakin inji.