Tofazzal Mridha da Hawa na Bakwai

Shekara ashirin da shida muka yi da Tofazzal Mridha muna koyarwa a makaranta ɗaya ta 'yan mata a unguwar Mirpur da ke birnin Dhaka, shi lissafi, ni tarihi. A duk shekarun nan ban taɓa ganin ya yi kuskuren lissafi a kan allo ba. A wajen allo kuwa, Dhaka ce take yi masa gyara da jan biro.

Mutumin tsibirin Bhola ne. Ya shigo birni da akwatin ƙarfe ɗaya da laima, ya auri Jahanara, suka haifi 'ya ɗaya, Rumki. Gidan haya goma sha ɗaya suka zauna. Wani mai gidan yana kulle famfo da azahar don kada ruwa ya gaji. Wani ya hana buga ƙusa a bango. Akwai wanda ya ce ba ya son jin ƙamshin busasshen kifi, alhali shi ma daga ƙauye ya zo, kuma da shi aka yaye shi. Duk watan Janairu mai gida zai ƙwanƙwasa ƙofa da fara'a, ya tambayi lafiyar Rumki, ya yaba karatunta, sannan ya ƙara kuɗin haya.

Tun Rumki tana goye Tofazzal ya yanke shawarar zai mallaki fulat nasa, wato sashen gida a cikin dogon bene. Ya zauna a ɗakin malamai ya tsara abin a takarda, ya nuna mini. In ya riƙa ajiye kaza duk wata a banki, bayan shekara biyar zai sami kuɗin kafin alƙalami. Ya daina shan shayi a shago, ya daina hawa riksha, keken hayar garinmu, bayan tashi daga makaranta yana bin gidajen masu kuɗi yana koya wa 'ya'yansu abin da iyayen suka riga suka biya makaranta ta koya musu. Shekara biyar ta cika, kuɗin ya cika cif kamar yadda ya rubuta. Fulat ɗin dai bai tsaya jiransa ba, kuɗinsa ya ninka.

Ya sake wani lissafin na shekara biyar. Ya sake cika. Aka sake ninkawa.

A tsakani ba a taɓa yin baje kolin gidaje bai je ba. Yana dawowa da jaka cike da takardun talla masu sheƙi: gidaje a tsakiyar ciyawa kore shar, sama garau, da wasu Turawa suna tura keken jariri a wata Dhaka da ba wanda ya taɓa gani. Jahanara ta gano takardun suna da kyau wajen shimfiɗa a kantar kicin.

Sau ɗaya na raka shi banki neman bashin gida. Ya saka rigarsa ta Idi, ya ɗauki fayil. Wani matashi mai ɗaure da laktayi ya karɓe mu, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ya duba takardar albashin, ya ɗan yi tari.

"Malam, wannan albashin na wata ne ko na mako?"

"Na wata ne. Amma ina koyarwa a gidaje, abin da nake samu can ya fi wannan."

"Madalla. Ina takardar shaida?"

"Wace takarda? A ambulan uwar yarinya take miƙo mini."

"To ai banki ba ya ganin cikin ambulan, Malam. Kana da wani gida ko fili a birni da za ka ajiye jingina?"

Tofazzal ya kalle shi. "Ɗana, in ina da gida a birni, me zai kawo ni nan da rigar Idi?"

Matashin ya yi murmushi, ya ce in mun tara kashi talatin cikin ɗari mu dawo, ƙofarsu a buɗe take. Ya ba mu kalanda.

Sai zancen filaye ya shigo. Wani kamfani yana sayar da fili a gabashin gari, biya kaɗan-kaɗan har shekara goma. Ranar Juma'a da safe aka kwashe mu a motar kamfani, aka ba kowa kwalin dafa-dukan biriyani. Inda titi ya ƙare aka sa mu a kwale-kwale. Muka yi ta tafiya a kan ruwa, har dillalin ya ce wa mai tuƙi ya tsaya. Ya nuna ƙasa da yatsa.

"Ga naka nan, Malam. Filin kan kwana ne, yana kallon kudu. Makaranta za ta zo can inda agwagin nan suke."

Tofazzal ya karɓi gorar tuƙi ya zura a ruwa, ta nutse duka ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ce shi daga Bhola ya zo, in ruwa yake so yana da shi kyauta a gida. Muka dawo muna yi wa waɗanda suka sa hannu dariya. Bayan shekara takwas aka cike wurin da yashi, aka ja titi, filin ya ninka sau goma sha biyu. Masinjan makarantarmu, wanda ya sa hannu ranar don kawai ya ji kunyar cin biriyanin banza, yanzu da mota yake zuwa gaishe mu.

Daga nan Tofazzal ya yi shiru da zancen gida har kusan shekara biyu. Sai Badrul, akawun makaranta, ya zo da dabara. Mutum ne mai faɗin ƙirji da waya biyu, kuma kowace magana tasa da "abu mai sauƙi ne" take farawa. Ya ce mu haɗu mu goma sha huɗu, mu sayi ɗan fili a unguwar Bosila, mu gina bene hawa bakwai da kanmu, kowane hawa fulat biyu, ƙasa kuma wurin ajiye motoci. Ba kamfani, ba riba, ba kuɗin ruwa. Rabin farashi, shekara biyu an gama. A cikinmu ba mai mota, amma kowa ya ji daɗin wurin ajiye motocin.

Tofazzal ya kwana uku yana duba lissafin bai sami kuskure ba. Ya tafi Bhola ya sayar da gonar shinkafar da ya gada, ƙannensa suka daina ɗaga wayarsa. Ya ciro abin da ya tara na fansho. Da aka zo zuba simintin rufin hawa na uku kuɗi suka yanke, ya koma gida yana kewaye-kewaye. Jahanara ce ta ba ni labarin da bakinta; Bhabi nake ce mata, wato matar ɗan'uwa, kamar yadda muke ce wa juna Bhai, wato ɗan'uwa.

"Na ce masa, Baban Rumki, tun ɗazu kake kallon hannuna kamar yau ka fara ganinsa. In awarwaron kake so ka faɗa."

"Ya ce me, Bhabi?"

"Wai aro ne. Na ce to, shekara ashirin da uku ina jiran ka riƙe hannun nan a gaban mutane, yau ga shi za ka riƙe a gaban maƙerin zinariya."

Ta cire guda huɗu ta ba shi, ta bar biyu, ta ce waɗannan na auren Rumki ne, ko ginin zai rushe ba za ta taɓa su ba.

Shekara biyun Badrul ta zama bakwai. Rodi ya tashi, siminti ya tashi, ɗan kwangila ya tafi jana'izar kakarsa sau uku. Duk Juma'ar farkon wata muna taro a kan tulin bulo. An yi wata huɗu ana rigima kan launin tayil ɗin matakala tun matakalar ba ta wanzu ba. Mutum biyu suka daina gaisawa saboda ƙofar waje. Aka naɗa Tofazzal sakatare, don shi kaɗai ne kowa ya yarda ba zai ci ko taka ɗaya ba, wato kuɗin ƙasarmu, kuma duk mun san ba ya iya cewa a'a. A cikin shekarun nan Rumki ta gama jami'a, ta yi aure, ta bi mijinta birnin Khulna. Ɗakin da uban ya zana mata da taga mai kallon kogi, ba ta kwana cikinsa ba ko sau ɗaya kafin ta tafi.

Da gini ya tsaya da ƙafarsa, sai rabon fulat. Badrul ya ce abu mai sauƙi ne, dattawa su zaɓa tukuna. Da an bi wannan, Tofazzal ne na biyu a shekaru. Amma ya miƙe ya ce sam, kowa kuɗi ɗaya ya zuba, adalci shi ne ƙuri'a. Shi ya yanka takardun da almakashinsa, shi ya rubuta lambobi, ya naɗe su daidai wa daida, ya zuba a hular limamin unguwa. Don kada a zarge shi, ya ce shi zai ɗauka a ƙarshe.

Na ɗauki hawa na biyu. Badrul ya ɗauki na ɗaya. Takardar da ta rage a hula, hawa na bakwai ce.

Tofazzal ya yi dariya, ya ce ba komai, sama ta fi iska, kuma ai akwai lifta. Lallai akwai ramin lifta, an gina shi da kyau tun daga ƙasa har sama. Abin da za a saka a ciki ne babu, kuɗinsa ya tafi a rodi. Aka kira taro don kowa ya ƙara wani abu. A nan ne mazauna hawa na ɗaya zuwa na huɗu suka gano amfanin hawan matakala ga lafiyar zuciya. Wani ya kawo maganar wutar lantarki. Badrul ya ce ya ji labarin lifta da ta maƙale da mutane a wani wuri. Aka kaɗa ƙuri'a, takwas suka ce a dakata, shida suka ce a saya. Ina cikin takwas ɗin. Ina da dalilai masu ƙarfi a lokacin, na manta su yanzu.

Ya tare yana da shekara hamsin da tara, da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Masu ɗaukar kaya suka kai kabad hawa na huɗu suka ajiye, suka ce sai an sake ciniki. Matakala ɗari da ashirin da shida ce, ya ƙirga. Na hau taya su shirya kaya, na same shi tsaye a tsakar falo riƙe da guduma. Ya buga ƙusa a bango, ya ja baya ya kalle ta. Ya sake buga wata a gefe.

"Tofazzal Bhai, me za ka rataya?"

"Ban sani ba tukuna."

Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana gyara tabarau. Jahanara ta leƙo daga kicin ta ce in ya gama huda gidan mutane ya zo ya kama mata tukunyar gas.

Zama ya fara. Mai kawo gas ya sa kuɗin hawa. Ɗaliban da ke zuwa gida karatu suka ragu, uwaye suka ce sun kawo 'ya'yansu koyon lissafi ne ba dambe ba. Jahanara ta ɗaura kwando a igiya tana zurawa daga baranda, mai kayan miya yana zuba mata, suna ciniki da ihu unguwa duka tana ji. A watan zafi rufin yana gasa su kamar burodi, sai ta sa aka hau mata da ƙasa a buhu, ta shuka kabewa da barkono da yalo a saman bene, ɗakin ya yi sanyi. Matar Badrul ta aika cewa rufi na kowa ne, don haka kabewar ma ta kowa ce. Jahanara ta ce gaskiya ne, ta hau ta tsinka.

Wata shida Tofazzal bai tayar wa kowa da zancen lifta ba. Yakan wuce ta ƙofata da safe, ya yi sallama, in amsa ina kallon takalmina. Sannan sanarwar taron wata ta fito, da kyakkyawan rubutunsa, manne a ƙofar shiga: daga yau za a riƙa taro a gidan sakatare, kuma bisa doka ta tara, wadda dukanmu muka sa wa hannu ba mu karanta ba, duk wanda bai halarta ba an ɗauka ya amince da abin da aka zartar.

Badrul ya kira shi a waya daga ƙasa. "Haba Bhai, ga wurin motoci nan fili fetal, mu zauna a nan mana."

"Littattafan ƙungiya suna da nauyi, Badrul Bhai, ga gwiwata. Ku hau dai a hankali. An ce yana da kyau ga zuciya."

Muka hau. Badrul ya huta sau uku, ya iso rigarsa sharkaf, ya kasa cewa abu mai sauƙi ne. Jahanara ta kawo shayi da soyayyen singara mai kama da samosa, ta bi kowa da sannu har da tambayar ko a kawo mafici. Tofazzal ya karanta bayanin taron baya, shafi shida, bai tsallake waƙafi ba. Wata na biyu ya kira taron gaggawa kan kwan fitilar matakala. Mako biyu bayan nan ya kira wani kan kwandon shara. A taro na huɗu mutumin hawa na uku, mai ciwon suga, ya ɗaga hannu tun kafin ya zauna ya ce a dawo da maganar lifta. Sha uku suka amince. Badrul ya ƙaurace, amma don numfashinsa bai dawo ba ne lokacin da aka ƙirga.

Aka aika neman farashi. Liftar da aka ce mana lak goma sha takwas a da, kowane lak taka dubu ɗari, yanzu ta kai talatin da ɗaya. Muka buɗe asusu, kowa yana zuba taka dubu uku a wata. Tofazzal ya yi lissafi ya ce nan da shekara shida da 'yan watanni za a saka, in farashin ya yi haƙuri ya tsaya inda yake.

Ya yi ritaya bara. Sau ɗaya yake sauka a rana, ya yi la'asar a masallaci, ya zauna shagon shayi, wanda yanzu ya yarda ya riƙa saya, har a yi magariba, sannan ya kama ƙarfen matakala ya fara. Yakan tsaya a ƙofata ya huta. Na ajiye masa kujerar roba a wurin, ban ce don shi ba ne, shi ma bai tambaya ba. Jiya ya zauna ya sha ruwa, ya ce Rumki za ta zo da jaririnta hutun Idi, yana neman wanda zai yi wa tagogi raga saboda sauro. Na ce sauro ba ya kaiwa hawa na bakwai. Ya ce na Bosila yana kaiwa, ya miƙo mini kofin, ya ci gaba da hawa.